Shirun Sakan Goma

SHAFI NA 27

Masu bina har akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Har da baiwar Allahn nan da ta rantse in ban saki shafin yau ba, za ta kwaso 'ya'yanta su tare a ƙofar gidana. Yi zamanki, ga shi nan. Amma wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya nemi cikin mutane kafin ya fara.

*

Auta ta fizge hedfon daga kunnenta ta yi jifa da shi kan katifa.

 Ta kalli kwamfutar, ta kalli ƙofar ɗakin, ta sake kallon kwamfutar. Daga falo ƙarar keken ɗinkin Mama ke shigowa, ya yi gudu ya tsaya, ya yi gudu ya tsaya, kamar kowace Asabar.

Wata bakwai ke nan tana fama da koyon rubuta manhajar kiɗa, irin wadda za ka jona kibod irin na makaɗa da kwamfuta, ka danna maɓalli, ta fitar da sautin da kai da kanka ka ɗora mata. Kibod ɗin na Yayanta ne. Shekara uku da suka wuce aka ce mata ya rasu a hatsarin mota a wani gari mai nisa, can aka binne shi. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Abin da ya rage mata nasa shi ne kibod ɗin nan, da manhajar da ya fara bai ƙarasa ba, ita kuma ta sa wa ranta sai ta ƙarasa masa.

Ba inda ba ta leƙa ba wajen neman mai koya mata. Bidiyoyin intanet sai sun kai ta darasi na uku, daidai inda abin ya fara daɗi, su ce ta biya da katin da ba ta da shi. Littafin da ta sauke shafi ɗari shida ne, rabi lissafi, rabi hotunan da suka ƙi fitowa. Sau huɗu tana tambaya a dandalin masu wannan harka, wanda ya fi kowa kirki a cikinsu shi ne wanda ya ce ta je ta koyi lissafi ta dawo bayan shekara biyu. Sai ranar da ta saka hoton kibod ɗin, da maɓallinsa guda da aka liƙe da salatif, sannan wani mai kiran kansa Tsohon Ɗalibi ya yi mata magana.

Tun daga nan duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma darasi ke shigo mata a rubuce, dalla-dalla, ba ya neman ko sisi. Kowane darasi da ɗan fayil ɗinsa na gwaji, ƙarar cokali ce ana bugawa a jikin kofi. Kuma kowane fayil da shiru yake farawa, na sakan goma cif. Ya yi mata bayani tun a darasin farko cewa ɗaki ma yana da nasa sautin, ana naɗar shirunsa ne don manhaja ta gane abin da za ta share. Ya ce ta bar manhaja ta yi aikinta, ita ba ruwanta da sauraron wannan wurin.

To yau kuskure ta yi, irin na ɗan koyo. A layin da ke rage ƙarfin sauti, inda ya kamata ta raba da ɗari sai ta ninka da ɗari. Alama ɗaya tak ta danna ba daidai ba. Tana kunna fayil ɗin makon jiya, shirun nan ya taso mata a kunne da ƙarfi, kuma ashe ba shiru ba ne.

Ta ɗauki kwamfutar da ƙaramar lasifika ta fito falo.

Mama na sunkuye a kan keke, tabarau a ƙarshen hanci, tef ɗin awo a wuya. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In shayi za ki dafa ki sa da ni."

"Mama, ranar Alhamis ina kika je?"

"Ina na saba zuwa? Sayen zare."

"Ina zaren?"

Keken ya tsaya.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Shekara uku duk Alhamis kina zuwa sayen zare da kular abinci a jaka. Mai zaren ne ba shi da mai dafa masa?"

Mama ta zare tabarau ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke, ni za ki yi wa titsiye a gidana? Wannan kwamfutar da kike kwana ki wuni a kanta ita ke koya miki rashin kunya?"

"Ba rashin kunya ba ne, Mama. Abu zan kunna miki."

"Ba na son kiɗa, kaina ke ciwo."

"Ba kiɗa ba ne."

Ta ture tarin yadin da ke kan tebur, ta ajiye kwamfutar, ta danna.

Da farko wani huci ne ya cika falon, irin na rediyon da ba ta kama tasha ba. Sai numfashin mutum, kusa sosai, a hankali, yana ɗan sarƙewa. Can nesa tayar wani abu na ƙarfe tana ƙugi a kan siminti. Aka rufe wata ƙofa mai nauyi, makullai suka yi ƙara. Sannan muryar mace, daga nesa, tana roƙo:

"Nas, don Allah a bar masa bargon nan. Babana ba ya jure sanyi."

Auta ta tsayar tun kafin cokalin ya buga.

Muryar Mama ce, kuma duk duniya mutum ɗaya take kira Babana, Yayan Auta. Ni da nake ba ku labarin nan sai da tsigar jikina ta tashi.

Mama ba ta motsa ba. Almakashin da ke cinyarta ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta ko kalle shi ba.

"Tsohon abu ne," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Lokacin da ya yi zazzaɓin nan aka kwantar da shi..."

"Fayil yana ɗauke da ranar da aka naɗe shi, Mama. Ga ta nan a rubuce. Alhamis ɗin makon jiya, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin."

"Na'ura tana ƙarya."

"Na'ura ce ke ƙarya?"

"Auta..."

"Mutane suka cika falon nan suna mana gaisuwa! Na yi wata biyu ba na iya haɗiye abinci! Na faɗi jarrabawa, kika ce min haƙuri zan yi, haka Allah ya so! Kina kallona ina rungume rigarsa ina kuka!"

"Rage murya, maƙwabta..."

"Su ji! Mama, ki dube ni. Yayana yana raye?"

Mama ta rufe fuska da tafukanta. Kafaɗunta suka fara girgiza.

"Yayana yana raye ko ba ya raye?!"

"Yana raye."

 Auta ta sulale ta zauna a ƙasa cikin guntayen yadi da zare. Daɗi ne, baƙin ciki ne, ita kanta ba ta sani ba. Dariya ta taso mata ta haɗu da kuka, ta toshe baki da hannu.

"A ina?"

"Asibitin masu taɓin hankali. Ɓangaren da ake kullewa."

"Shekara uku?"

"Shekara uku da wata biyu."

"Kuma kika ce min ya mutu."

"Shi ya roƙe ni."

"Mama, ki ji tsoron Allah."

"Wallahi shi ya roƙe ni. Ya kama ƙafata a wurin nan da kike zaune."

Mama ta share fuska da gefen mayafinta. Sai a lokacin ta dubi kwamfutar sosai, irin kallon da ake yi wa kunama a cikin takalmi.

"Wa ya ba ki wannan abin?"

"Malamina. Wanda ke turo min darasi."

"Wane malami?"

"Ban taɓa ganinsa ba. A intanet muka haɗu. Na saka hoton kibod ɗin Yaya, shi ne ya..."

 Sai yanzu ta ji abin da ta faɗa da kunnenta. Wata bakwai tana mamakin yadda baƙo ya san inda za ta yi kuskure tun kafin ta yi, yadda yake mata bayani da misalin famfo da bokiti, yadda in ta yi shirme yake rubuta mata "sake dubawa, sarkin gaggawa". Mutum ɗaya ne ya koya mata karatun agogo da irin wannan haƙurin, kuma shi ma haka yake ce mata.

"Innalillahi," in ji Mama. "Wayar nan ce."

"Wace waya?"

"Tsohuwar wayata. Likita ya hana a ba shi duk abin da ke naɗar sauti. Ya yi ta min magiya, ya ce karatu kawai zai riƙa yi, zaman ya ishe shi. Na naɗe ta a leda na tura ƙasan kular abinci. Ni na kai masa da hannuna."

"Kin kyauta masa, Mama. Lafiyarsa ƙalau! Ki ga darussan da yake rubutawa, wanda ba shi da hankali ba zai iya..."

"Kashe abin nan."

"Mama..."

"Na ce ki kashe! Haka ya fara!"

Auta ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin Mama ba. 

"Da farko kiɗa yake haɗawa kamar kowa," in ji Mama. "Har nakan tsaya da ɗinki in saurara. Sai ya daina kiɗan. Ya koma naɗar ɗaki ba kowa a ciki. Ya naɗi kicin, ya naɗi banɗaki, ya naɗi cikin kabad. Ya zauna ya ƙara wa abin ƙarfi, ya toshe kunne da shi tun safe har yamma."

"Aikin ne haka, ana share..."

"Ba sharewa yake ba, saurare yake. Ya ce min, Mama, duk wanda ya taɓa zama a ɗaki yana nan bai tafi ba, ƙarfin kunne ne ba mu da shi. Ya ce yana jin tarin Babanku a ɗakina."

Babansu ya rasu tun Auta na goye.

"Na ce masa ya yi ta addu'a. Na ɓoye hedfon ɗin, ya sayo wani. Ran nan na dawo daga kai ɗinki da rana tsaka, na same ki kina barci a doguwar kujerar can da kayan makaranta a jikinki. Shi kuma ya durƙusa a gabanki, ya kara miki makirfo a hanci."

Auta ta juya ta kalli kujerar. Har yanzu a nan take barcin rana.

"Na ce, Babana me kake yi? Ya ɗago, idonsa jawur. Ya ce, Mama, gwadawa nake in ji ko ɗaya ne. Na ce me da me? Ya ce ya fara jin muryarki a cikin nasu."

"Nasu wa?"

"Waɗanda suka tafi."

Labulen taga ya ɗan motsa ya koma. Auta ta janyo ƙafafunta ta rungume.

"Ya ce shi ke jawo ki da sauraren da yake yi. Ya ce in kai shi inda za a kulle shi, kuma in ce miki ya mutu, don in kin san yana raye sai kin neme shi, in kin neme shi sai kin tambaye shi abin da ya ji, in kin tambaya sai kin so ki ji da kunnenki. Ya san halinki. Ni ma na sani." Mama ta nuna kwamfutar da yatsa. "Ga shi kuwa."

"Ciwo ne, Mama. Ciwo ne kawai, ana shan magani a warke. Ba a binne mutum da ransa saboda ciwo."

"Ni na binne shi? Ni da nake wanke masa kaya duk mako? Ni da nake zama in yi ta masa hira yana kallon bango? Kin san abin da na haɗiye a shekara ukun nan?"

"Da kin raba da ni."

"Ɗaya ya riga ya zube min. In zuba ido ta biyun ma ta bi shi?"

Tausayin Mama ya kama Auta, haushinta kuma bai sake ta ba. Ta miƙe tana kakkaɓe zare daga jikinta.

"Tashi mu je."

"Ina?"

"Wurinsa."

"Ba a shiga sai Alhamis."

"To zan tsaya a bakin ƙofa har Alhamis ɗin."

Kwamfutar ta yi ƙara, ƙil.

Su duka biyu suka juya. Agogon bango ya nuna ƙarfe huɗu daidai. Saƙo ne daga Tsohon Ɗalibi. Yau ba darasi, ba gaisuwa, ko kalma ɗaya babu. Fayil ne kawai.

"Kar ki taɓa," in ji Mama.

Auta ta duba lokacin da aka naɗe shi. Yau ne. Ƙarfe uku da minti arba'in da takwas.

"Minti sha biyu da suka wuce," ta faɗa a hankali.

"Auta, don darajar iyaye kar ki kunna."

Kuskuren nata yana nan a layinsa, ba ta gyara ba. Ta kalle shi, ta san sarai abin da zai yi. Ta danna.

Hucin ya dawo. Numfashin ya dawo, amma yanzu da sauri yake fita, irin na wanda ya sha tafiya. Ba tayar ƙarfe, ba makullai. Wata mota ta wuce can ƙasa. Sai murya ta taso a dushe, kamar daga bayan katako, muryar mace tana ihu:

"Yayana yana raye ko ba ya raye?!"

Auta ta ji muryarta da kunnenta.

Wata muryar ta amsa, ita ma a dushe, cikin kuka:

"Yana raye."

Ni dai da ni ce a falon nan, da tuni na fita ta taga ba takalmi. Su kuwa ko yatsa ba wanda ya ɗaga. A hankali idanunsu suka tafi wuri ɗaya, kan ƙofar falo, ƙofar katako mai sakata biyu da ke fita baranda.

Fayil ɗin bai ƙare ba. Numfashin ya matso dab da makirfo, har ana jin leɓɓa suna rabuwa. Raɗa ce, amma ninkin ɗari ya mai da ita ta cika ɗakin.

"Auta. Na san kina ji. Buɗe min, ƙafata ta gaji."

Sautin ya yanke.

"Yaya!"

Ta zabura. Mama ta riga ta, ta cafke mata hannu da ƙarfin da Auta ba ta san tana da shi ba.

"Tsaya!"

"Sake ni, Mama! Yana waje!"

"Ƙofa uku ake kullewa kafin a kai gadonsa. Ta ina zai fito? Da wane kuɗin mota? Bai ma san mun canza ƙofar nan ba!"

"Gudowa ya yi! Ki sake ni!"

"Bari in kira su. Minti ɗaya, Auta. Minti ɗaya kawai na roƙe ki."

Da hannu ɗaya Mama ta lalubo waya a cikin tarin yadi, ɗayan na riƙe da Auta. Sau biyu tana danna lamba ba daidai ba. A na uku ta shiga.

"Nas? Ni ce, mahaifiyar mai gado na tara... Eh... A'a, wayar na ƙarƙashin kaya, keke na ta ƙara, ban ji ba... Sau nawa?"



Auta ta zame hannunta. Wannan karon Mama ba ta riƙe ba, yatsunta sun saki da kansu.

Taku biyar ne daga keken ɗinki zuwa ƙofa. Auta ta yi su. A siririn hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofar akwai inuwa biyu, a tsaye, daidai faɗin ƙafafun mutum. Ta kara kunne a jikin katakon. Ba ta ji komai ba, ko numfashi.

"Yaya?" ta kira a hankali. "Ni ce."

Inuwar ba ta motsa ba.

Ta zare sakatar sama.

"Kar ki buɗe!"

Ta waiwayo. Mama na tsaye, wayar ta zame daga kunnenta zuwa ƙirji, fuskarta ta koma kamar ba jini. Muryar nas na ta fitowa ƙasa-ƙasa, "Hajiya? Kina jina? Hajiya?"

"Me suka ce?"

"Tun sha biyu suke nemana."

"Me suka ce, Mama?"

"Sun ce ya cika da rana. Yana can a gabanta, an lulluɓe shi. Sun ce in zo in sa hannu." Mama ta miƙo hannu biyu tana kuka. "Ya rasu, Auta. Wallahi ya rasu. Taho nan, rabu da ƙofar nan."

Auta ta dubi mahaifiyarta. Ta dubi inuwar da ke ƙarƙashin ƙofa. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Wancan karon ma haka kika ce min, Mama."

Ta zare sakata ta biyu.